Inshorar Mota: Kafin Ka Nufi Boda, San Abin da Takardarka Take Biya

Duk direban da ke zirga-zirga tsakanin Kamba da Birnin Kebbi, ko mai ratsa Bagudo zuwa Tsamiya da Lolo, yana da takardar inshora a cikin takardun motarsa. Amma da yawa ba su taɓa karanta ta ba. An saye ta ne don a nuna wa ɗan sanda a shinge, a wuce lafiya. Ranar da tsautsayi ya afka kuwa, sai a tarar ko dai takardar ta bogi ce, ko kuma ta gaskiya ce amma ba ta ɗauki irin asarar da aka yi ba. Inshora iri-iri ce, kuma kowace da iyakarta.

Ta farko ita ce wadda doka ta wajabta, wadda direbobi ke kira tad-fati. Tun 1945 doka ta tilasta ta, kuma rundunar 'yan sanda ta fara tsananta bincikenta a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu, 2025. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wannan inshora ba ta gyara motarka. Wanda ka yi wa ɓarna take biya. A ce Golf ɗinka ta ƙwace da asuba, ta kaɗe saniyar Bafulatani, ta rushe rumfar mai shayi a bakin hanya. Kamfani zai biya kuɗin saniya da rumfa, da jinyar wanda ya ji rauni, da diyya ga iyalan wanda ya rasu. Gaban motarka da ya lotse kuwa, kai da bakanike ne.

Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta yanke farashinta tun 1 ga Janairu, 2023. Motar gida naira 15,000 a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita naira 20,000, iyakarta miliyan 5. Manyan motocin dakon kaya naira 100,000, iyakarsu miliyan 5. Keke mai ƙafa uku naira 5,000, babur naira 3,000. To idan wani ya tare ka a tasha ya ce zai yi wa motarka inshora a kan naira dubu uku ko biyar, ka tuna araha ba ta ado. Takarda kawai ya buga maka.

Ta biyu ita ce tad-fati ɗin da aka ƙara mata gobara da sata. Tana biyan duk abin da ta farko ke biya, sannan idan motar ta ƙone ko ɓarayi suka yi gaba da ita, za a biya ka. Idan ta faɗi ko ta yi karo, ba ruwanta da gyaranka.

Ta uku ita ce cikakkiya. Ita ce ke gyara motarka ko da laifin naka ne, ta kuma biya wanda ka yi wa ɓarna. NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar naira miliyan 6 ke nan za ta ci aƙalla naira 300,000 a shekara. Sai dai sunanta kada ya ruɗe ka, ita ma tana da sharuɗɗa. Akwai wani kaso na kuɗin gyara da kai za ka fara biya kafin kamfani ya cika. Idan ka rage darajar motar don kuɗin ya yi sauƙi, gwargwadon abin da ka faɗa za a biya ka. Ambaliya da tarzoma ba kowane kamfani ke sa su ba sai an nema, mu kuwa da ke zaune kusa da kogin Kwara mun san abin da damina ke yi wa hanyoyinmu. Tambaya tun kafin ka sa hannu.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Buhunan shinkafa ko albasa da ke bayan motar ba sa cikin inshorar mota; suna da tasu daban, ta kayan da ke kan hanya. Haka kuma wanda ya yi wa motarsa inshorar gida, sannan ya shiga tasha yana lodin fasinja da ita, kamfani na iya ƙin biyansa, domin ba aikin da aka yi yarjejeniya a kansa ba ke nan. Direba marar lasisi ma haka.

Ga mutanen bakin iyaka akwai ƙarin magana. Da zarar ka tsallaka iyaka zuwa Segbana ko ka nufi kasuwar Malanville, takardar Najeriya kaɗai ba ta isa ba. Jami'an tsaro za su nemi katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wato Brown Card. An kafa wannan tsari ne a Kwatano a 1982, domin idan baƙuwar mota ta yi ɓarna a wata ƙasa, ofishin katin na can ya tsaya a biya waɗanda abin ya shafa, maimakon mota da direba su yi ta zama a tsare. Tun 2023 kuɗin katin yana cikin kuɗin tad-fati, don haka ka nemi kamfaninka ya ba ka shi, kada ka sake biyan ɗan kamasho. Mai bi ta Gaya kuma ya tuna Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ya sa kamfani ya tabbatar masa da ƙasashen da katinsa ke aiki kafin ya tashi.

Masu ƙyamar inshora saboda riba da rashin tabbas su ma an yi musu hanya. Akwai takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don tallafa wa wanda asara ta samu, kuma idan an samu rara a raba musu. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yi wa motoci.

Gane takardar gaskiya ba wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID. Danna *565*11# a wayarka, ko ka shiga askniid.org, ka sa lambar motarka. Idan sunan kamfani da ranar ƙarewa ba su fito ba, koma wa wanda ya sayar maka tun da wuri.

Idan hatsari ya faru, Allah ya kiyaye, fara kai masu rauni asibiti, ka sanar da 'yan sanda ka karɓi rahoto, ka ɗauki hotuna, ka kira kamfani ba tare da jinkiri ba. Kada ka kai motar gareji kafin jami'insu ya gan ta, kada kuma ka yi alkawarin biyan kowa a bakin titi. Idan kamfani ya yi maka taurin kai kan haƙƙinka, NAICOM na karɓar ƙorafi.

Shugabannin tasha da masu motoci, ku zauna da direbobinku ku buɗe takardun nan ɗaya bayan ɗaya: wace iri ce, yaushe za ta ƙare, ta dace da aikin da motar ke yi, tana tsallaka boda? Wanda ya san amsar waɗannan tun yau, ba zai sayar da gonarsa gobe don biyan diyya ba. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu.