Abin da ya kamata ku sani: dalilin da manhaja ke hawa wata waya, ta ƙi wata

A shagunan cajin waya na Daura, Zango ko Mai'adua an saba ganin haka: yaro ya tura wa abokinsa wasa ta Xender, a wayarsa yana tafiya lafiya lau, wayar abokin kuwa ta ce atafau ba zai shiga ba. Akan ce wayar ce ta cika, ko ta kwana biyu. Wani lokaci hakan ne, amma sau da yawa matsalar tana cikin ƙwaƙwalwar wayar, wato furosesa.

Wa ke zana abin da muke gani?

Duk abin da ya fito a fuskar waya, harafi ne ko hoto ko motar da ke gudu a wasa, sai an zana shi. Masu rubuta manhaja ba sa fara wannan aiki daga tushe, sukan ɗauko rumbun zane da wasu suka riga suka rubuta. Skia, wanda Google ya sayi kamfaninsa a 2005, shi ke yawancin zanen Android da Chrome. FreeType ke fitar da siffar haruffa, har da ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu. Masu wasanni da yawa na amfani da SDL. Da yaren C ko C++ aka rubuta su, don su yi sauri.

Furosesa kuwa ba ya jin C++. Dole sai wata manhaja mai suna kwamfaila, irin su Clang ko GCC, ta mayar da rubutun zuwa umarnin da yake ganewa. Kowane dangin furosesa da nasa umarnin. Kamar ɗinkin Sallah ne: shadda ɗaya ce, amma tela sai ya yanka wa kowa daidai awonsa.

Iri nawa ne?

Manyan nau'o'in da Android ya sani huɗu ne: armeabi-v7a na ARM mai bit 32, arm64-v8a na ARM mai bit 64, sai x86 da x86_64 na dangin Intel da AMD. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix da suka cika hannunmu ARM ne. Fayil ɗin APK, wato wanda manhajar Android ke zuwa a ciki, ba komai ba ne illa zip. Idan aka kwance shi za a ga jaka mai suna lib, a cikinta kowane nau'i da ɗakinsa, ɗauke da fayilolin da sunansu ya ƙare da .so. In ɗakin da ya dace da wayarka babu shi, manhajar ba za ta shiga ba.

Ban da furosesa, akwai kuma kunshin da ake zuba umarnin. Android da Linux na amfani da ELF, Windows na amfani da PE, su ne fayilolin .dll da .exe, Apple kuma Mach-O. Shi ya sa kwamfuta biyu masu furosesa iri ɗaya, ɗaya Windows ɗaya Linux, ba sa aron irin waɗannan fayiloli a tsakaninsu.

Rumbun zane ya fi sauran ba da wahala, domin yana lissafin ɗigon launi miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Don haka akan rubuta wasu sassa musamman ga kowane furosesa: da umarnin NEON ga ARM, da na SSE da AVX ga Intel da AMD.

Me ya canza?

Android ya fara karɓar bit 64 a 2014. Daga 1 ga Agusta 2019, Google Play ya wajabta wa sababbin manhajoji su zo da samfurin bit 64. Daga Agusta 2021 kuma sababbin manhajoji suka koma tsarin da Play ke ba kowace waya yankinta kaɗai, abin da ke rage cin data. Nan ne gizo ke saƙa: abin da abokinka ya sauke, an yanka shi ne daidai wayarsa. Ga shi kuma ƙananan wayoyi da yawa furosesarsu mai bit 64 ce, amma Android ɗin da ke kai mai bit 32 ne, don a ririta ƙaramar ma'adanar aiki.

Abin yi

Mai waya ya sauke manhaja kai tsaye daga Play Store. In kuma dole sai an tura, a nemi wayar da ta yi kama da taka. Ɗaliban kwamfuta, kamar na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, idan za su harhaɗa rumbun zane da kayan aikin Android NDK, su fitar da armeabi-v7a da arm64-v8a duka biyun, su ƙara x86_64 don gwaji a kwamfuta. Sannan kafin su saki manhajar, su gwada ta a ƙaramar Itel irin wadda ke aljihun mutanen Baure da Sandamu, domin irin waɗannan wayoyin ne suka fi saurin tona asirin manhaja mai nauyi.