Dalilin da ya sa masu binciken shaye-shaye a Amurka suka koma awo da mudu ɗaya

A shekarar 2021, mutum fiye da 80,000 ne suka mutu a Amurka sakamakon shan ƙwayoyin da ake kira ofiyoyid fiye da ƙima. Wannan rukuni ya ƙunshi heroyin da fentanil, da kuma magungunan rage raɗaɗi irin su tiramadol da kodin.

Tun a 2018 hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wato NIH, ta ƙaddamar da shirin HEAL domin tunkarar annobar. A ƙarƙashinsa aka ɗauki nauyin bincike guda 10 a kan hanyoyin kare matasa daga faɗawa shan waɗannan ƙwayoyi, aka kuma ɗora wa cibiyar RTI International alhakin haɗa kan ayyukan. Wasu sun yi aiki da matasa marasa matsuguni, wasu da waɗanda suka taɓa shiga hannun hukuma, wasu kuma da al'ummomin 'yan asalin ƙasar.

Matsalar da suka tarar, duk ɗan kasuwa ya san irinta. Idan mudun wannan kasuwa ya fi na waccan girma, ba a kwatanta farashin gero sai an daidaita awo. Haka bincike yake. Idan wani ya tambayi matashi ko ya sha ƙwaya a kwana 30 da suka wuce, wani kuma ya tambaya game da wata 12, amsoshin ba za su haɗu wuri guda ba.

Saboda haka masu binciken suka zauna tun kafin fara tattara bayanai, suka amince da jerin tambayoyi na bai-ɗaya a kan shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa da yanayin rayuwa. Kowa yana da damar ƙara nasa tambayoyin a kai.

Amfanin hakan a bayyane yake. A cikin 'yan ɗaruruwan matasan da bincike ɗaya ke bibiya, ƙalilan ne ke fara shan ofiyoyid, don haka da wuya a tabbatar ko shiri ya yi tasiri. Idan aka haɗa bayanan duka goman, adadin yakan kai yadda za a gane wace hanya ce ke aiki, kuma a kan su wa. Sai dai akwai iyaka: tambayoyi in sun yi yawa, masu amsawa kan gaji su janye.

Darasin ya shafi Najeriya, inda binciken ƙasa na 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Matuƙar jami'o'i da asibitoci da hukumar NDLEA ba su yi awo da mudu ɗaya ba, da wuya a san wane shirin rigakafi ne ya cancanci kuɗin jama'a.