Mari Ba Ya Sa Tuba

Yau mun nufi kudancin Jihar Katsina, ƙasar masara da auduga, yankin Funtuwa da Malumfashi, za mu yada zango a Mahuta. Batunmu shaye-shaye, musamman yadda ake fita daga cikinsa.

A ƙauyukan noma, sau da yawa ta gona ƙwaya take shigowa. Ɗan ƙwadago ya karɓi jinga, yana so ya gama kafin la'asar ya kama wata, sai abokin aiki ya miƙo masa tramol, wai maganin gajiya. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa har mai 225 akwai. Damina ta wuce, an yi girbi, masara ta shiga rumbu, amma jiki ya riga ya saba. Yanzu babu jinga, sai ƙwaya.

Alƙaluman kun sha ji. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayun shekarar gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mu wuce nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Daura. A watan Oktoban 2019, 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a garin, suka fito da mutum 67, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an ga irin haka a Rigasa, cikin Kaduna. To, wa ya kai su? Iyayensu. Uba ne ya kama ɗansa da hannunsa, ya biya kuɗi, ya ce malam a gyara mini shi. Ni dai ban ga laifin hawayen wannan uban ba, ya rasa inda zai sa kansa ne. Amma a tambaya: sarƙa ta taɓa sa zuciya ta tuba? Tana tsare ƙafa, ba shakka. Ran da aka kwance ta fa?

Ku ba ni kunnenku, akwai wata ƙissa da Imam Bukhari ya ruwaito wadda na daɗe ina mamakin yadda ba a cika jin ta a wa'azin shaye-shaye ba. A Madina an yi wani sahabi mai suna Abdullahi, ana yi masa laƙabi da Himar. Mutum ne mai barkwanci, yana sa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, dariya. Sai dai giya ta kama shi. A kawo shi, a yi masa hukunci, ya tafi, a sake kawo shi. Rannan wani daga cikin jama'a ya gaji, ya tsine masa, yana mitar yawan kawo shi da ake yi. Manzon Allah ya hana tsinuwar, kuma ya yi wa mutumin shaida a bainar jama'a cewa yana son Allah da Manzonsa.

Ku lura da kyau. An hukunta shi, ba a ce abin da ya yi daidai ne ba. Amma ba a kore shi daga cikin mutane ba. Ya sake sha, ba a kore shi ba. Ya kuma sake, ba a kore shi ba. Ita ma giyar, a hankali aka haramta ta, mataki bayan mataki. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka tun farko, da mutane sun ce ba za su bari ba har abada. Sai da imani ya zauna tukuna.

Yanzu mu dawo Mahuta. A ce matashi ya yanke shawarar dainawa, ya zo sallar asuba bayan shekaru ba a gan shi ba. Ka matsa masa ya shiga sahu, ko kuwa ka jawo takalminka kusa? In ya zauna a majalisa, za a miƙa masa shayi, ko za a yi ta kiransa ɗan ƙwaya har ya tashi? Domin in ya tashi, akwai wata majalisar da ke jiransa a bayan gari, su kuwa ba sa korar kowa. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Liman ya ja shi a jiki. Kawu ya ba shi aron gona, ko a kai shi wurin mai gyaran babur ya koyi sana'a. In za a yi gayya a kira shi. A Amurka ma, ƙungiyar masu barin giya da aka kafa a 1935 kan abu biyu ta dogara: miƙa lamari ga Ubangiji, da zama da 'yan'uwa a kai a kai.

Lokaci na hararar mu, amma dole in faɗi wannan. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Wanda ya daɗe yana shan tramol ko diyazefam, in ya yanke rana ɗaya, zai iya fama da karkarwa, rashin barci, wani har jijjiga. Likita ne ke rage masa sannu a hankali. Akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya, akwai asibitin Barnawa a Kaduna. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da layin neman shawara kyauta, dare da rana: 0800 1020 3040.

Iyayenmu mata, ku daina ɓoye 'ya'ya mata a ɗaki saboda gudun abin kunya, su ma a kai su asibiti. Malamanmu, a huɗubar Juma'a mai zuwa a ba mutane labarin Abdullahi Himar.