Yaɓe A Lokacin Hunturu: Abin Da Bidiyon YouTube Ba Zai Faɗa Wa Ɗan Sabon Birni Ba

Duk mai bibiyar bidiyon gine-gine a YouTube ko TikTok zai iya cin karo da gidajen da ake ginawa da dammunan karan alkama da inji ya matse, sannan a yaɓe su da farar ƙasa. Salon ya samo asali ne a jihar Nebraska ta Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, a yankin da itace ya yi ƙaranci. Gargaɗin masu bidiyon kusan ɗaya ne: kada a yi yaɓe idan awon zafi ya sauka ƙasa da digiri 5, domin ruwan da ke cikin kwaɓin zai iya daskarewa ya farfasa aikin.

A Sabon Birni da Isa ma lokacin sanyi shi ne lokacin gini. An gama girbi, damina ta wuce, masu gyaran katangar da ruwa ya ci sun fito, ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka ƙona wa gidaje suna neman inda za su sake kafa ɗaki, siminti kuwa ya yi tsada. Matashin da ya ga bidiyon zai so ya gwada.

Sai dai ƙanƙara ba ta kwanta a ƙasar Gobir. Ko a Disamba da Janairu, da wuya sanyin asuba ya kusanci digiri 5. Abin da ke lalata yaɓe a nan shi ne bushewar iska. Farar ƙasar da aka gasa ba bushewa kawai take yi ba, tana shan iskar kabon ne a hankali har ta koma kamar dutsen da aka ƙona ta daga gare shi, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da danshi. A tsakiyar hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iska ta zuƙe ruwan kafin aikin ya kama, yaɓe ya tsattsage, a shafa hannu ya zubo kamar gari. Don haka lambar da ta fi muhimmanci a manhajar yanayi ita ce ta danshi da ƙarfin iska, waɗanda yawanci sai an gangara ƙasan shafin ake ganinsu.

Ita ma wayar tana da iyakarta. Yawancin wayoyin yau ba su da na'urar auna zafi da danshin waje (Samsung Galaxy S4 ta 2013 tana da ita, amma kamfanoni ba su ci gaba da sakawa ba). Manhajojin da ke cewa suna auna zafin ɗaki, daga intanet suke ɗauko kiyasi ko su karanta zafin batir. Intanet ɗin kuma ba abin dogaro ba ne a yankin da aka taɓa katse layukan sadarwa baki ɗaya a Satumba 2021 saboda matsalar tsaro. Ƙaramar na'urar auna zafi da danshi mai batir, a rataye jikin bango, ta fi amfani nesa ba kusa ba.

Sauran aikin na hannu ne: a jiƙa bango kafin yaɓe, a yi da yamma, a yi shi siriri sau biyu ko uku da tazarar kwanaki, a rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a riƙa yayyafa ruwa. A kare ido da hannu, domin farar ƙasa na ƙuna.

Shi kansa bangon kara abin a yi tunani ne. A Gobir karan gero da na dawa abincin dabbobi ne, da shi ake danga, ga gara tana jira. Bangon tubali ya fi dacewa, kuma magina sun daɗe da maganin ruwa: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, gashin dabba da dafara. Abin da ba ya jituwa da bangon ƙasa shi ne siminti, wanda ke tare danshi a ciki har ya ɓamɓaro bayan 'yan damina, ko da kuwa daga Kalambaina aka ɗauko shi.