Ciroma ko Chiroma? Yadda rubutun suna ke gabatar da mutum a Potiskum

Marigayi Malam Adamu Ciroma, ɗan Potiskum da ya yi Gwamnan Babban Bankin Najeriya daga 1975 zuwa 1977, kuma ya rasu a 2018, yana rubuta sunansa da "C" kamar yadda ƙa'idar rubutun Hausa ta tanada. Wasu masu wannan suna kuwa "Chiroma" suke rubutawa, bisa tsarin Turanci. Wanda bai san Hausa ba kan karanta na farkon da "Siroma". Ko sunan garin bai tsira daga wannan bambanci ba: a takardun gwamnati Potiskum ne, amma masarautar Ngizim tana rubuta Pataskum, domin ta nuna asalin kalmar a harshenta.

A gari irin wannan, inda Ngizim da Karekare da Bolawa da Fulani da Hausawa suke cuɗanya, suna kan riga mai shi isa. Abubakar ɗaya ne, amma da an ji Bukar sai a ɗauka Babarbare ne, Buba a ce Bafulatani, Garba ko Habu a ce Bahaushe, ko da hasashen bai yi daidai ba. Haka Muhammad: mai "Muhammadu" ana kallonsa a matsayin mutumin dauri, mai "Mohammed" ɗan boko, mai "Muhammad" kuwa wanda ya kusanci Larabci. A Nijar, inda Faransanci ya tsara rubutu, shi ne dai Mahamadou. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna ilimi ko halin mutum. Yawanci ma malamin firamare ne ya zaɓi haruffan ranar da aka kai yaro makaranta.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wurin kwamfuta, wadda ba ta san cewa Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ba ne. Tun da aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014, kuma hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu rajista daga 2021, harafi guda kan iya tsayar da asusun ɗan kasuwar shanu ko rajistar ɗaliba, har sai an yi takardar rantsuwa a kotu an nemi gyara. Su Ɗahiru da Ɗanladi kuma, fom ɗin kan cire musu lanƙwasar harafin farko tun ba su ce komai ba.