Tallafin Sola: Inda Kuɗin Yake Bi Kafin Ya Iso Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin masu janareta ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mai shagon cajin waya a Ƙanƙara, da mai POS a Faskari, da mai aski a Sabuwa, duk sun ji a jikinsu. Wutar KEDCO kuma ba abar dogaro ba ce: a watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta.

Mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku suna da wani dalili na daban. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, abin da ya sa janareta ya zama kayan ado a shaguna da yawa. Shi ya sa sola ta zama abin da kowa yake so a kan rufinsa. Cikas ɗin shi ne kuɗin farko. To, wane sauƙi ake samu, kuma ta wace hanya yake zuwa?

Ba a hannu ake ba da tallafin ba

A wasu ƙasashe kuɗin yana shiga aljihun mai gida kai tsaye. A Indiya, shirin PM Surya Ghar da aka fara a Fabrairun 2024 yana biyan mai gida har rupi 78,000 idan ya ɗora sola mai kilowat 3 a rufinsa. A Jamus, dokar shekarar 2000 ta ba mai sola damar sayar da wutarsa ga babban layi a kan tsayayyen farashi na shekara 20.

Najeriya ta bi wata hanya. Yawancin tallafin kamfanoni ake ba, su kuma su rage farashi ga mai saye. Ga hanyoyi huɗu da yake bi.

1. Kuɗin Bankin Duniya ta hannun REA

Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, ita ke kula da shirin DARES, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a Disambar 2023, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Kamfani yana sayar da sola ko ya kafa ƙaramar tashar wuta a gari, a tantance aikin, sannan a biya shi tallafi gwargwadon gidajen da ya haɗa. Ke nan mai saye ba ya cike fom ɗin neman kuɗi. Abin da zai yi shi ne ya tambayi dillali ko kamfaninsa yana cikin waɗanda REA ta tantance, ya kuma kwatanta farashin da na kasuwar Funtuwa ko Katsina.

2. Bashin CREDICORP

Gwamnatin Tarayya ta kafa CREDICORP a 2024 domin sayen kaya bashi. Asusunta na CALM ya shafi sola ta gida da mayar da mota zuwa gas. Ana neman bashin ta bankuna da kamfanonin kuɗi da suke aiki da hukumar, kuma ya fi sauƙi ga mai albashi ko mai shigar kuɗi da za a iya gani a asusun banki. Bashi ne, ana biya da ruwa, don haka wanda ke guje wa riba ya tambaya ko akwai tsarin murabaha a bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ.

3. Rangwamen haraji

A 2021 gwamnati ta sanya kayan makamashi mai sabuntawa cikin jerin waɗanda aka cire wa harajin VAT na kashi 7.5. Wannan sauƙin yana cikin farashin kanti, mai saye ba ya ganinsa daban. Amma tunda yawancin farantai da batura daga Sin ake shigo da su, tashin dala yana iya cinye rangwamen gaba ɗaya.

4. Biya kaɗan-kaɗan ta waya

Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna ba da kayan bayan an biya kafin alƙalami, sauran kuma a riƙa biya duk mako ko duk wata. Idan an biya, lambar sirri tana shigowa waya, a danna ta a jikin na'urar ta buɗe. Idan an daina biya, na'urar tana kulle kanta. Wannan yana da muhimmanci a yankin da aka taɓa katse layukan sadarwa a Satumbar 2021: gara a tambayi wakili tun farko yadda ake biya idan babu sabis.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a sa hannu

Na farko, wuta nawa ake buƙata? Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar kimanin 19Wh. Faranti mai wat 300, a rana mai awa biyar na cikakken haske kamar yadda ake samu a Katsina, yana ba da 1,500Wh a takarda. In aka cire kashi ɗaya cikin huɗu da ke salwanta a zafi da wayoyi da batir, saura kusan 1,100Wh. Wannan ya isa cajin waya 50 a yini. Firij ko injin markaɗe kuwa lissafinsu daban ne.

Na biyu, nawa janareta ke ci? Misali, lita biyu a rana kan naira 900 ta kama naira 54,000 a wata, ban da baƙin mai da gyara.

Na uku, nawa ne jimillar bashin? A ɗauka kayan naira 300,000 ne kuɗi hannu. Idan an ce a ba da 40,000, sannan 18,000 duk wata har wata 20, jimilla ta zama 400,000. An ƙara 100,000 ke nan. Ga wanda ke ƙona 54,000 a fetur, cinikin yana da riba. Ga wanda fitila da cajin waya ɗaya kawai yake so, ƙaramin kit ya fi masa.

Inda ake tafka asara

Batir ne ke fara mutuwa. Na lithium ya fi tsada, amma yana jure caji sau dubbai, yayin da na ruwa yake saurin lalacewa idan ana zuƙe shi har ƙasa. A nemi garanti a rubuce, da adireshin wurin gyara mafi kusa. A lokacin hunturu ƙura tana rage ƙarfin faranti sosai, don haka a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe. Mai haya kuma ya yi yarjejeniya da mai shago a rubuce cewa kayan nasa ne idan zai tashi.

Sai 'yan damfara. Saƙonnin WhatsApp da Facebook masu cewa gwamnati na raba sola kyauta, a danna mahaɗi a biya kuɗin rajista, tarko ne. Shafukan hukumomin gwamnati irin su REA suna ƙarewa da .gov.ng, kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar OTP ko PIN na katin banki. Duk wanda aka yi wa tayin sola mai tallafi, ya nemi sunan kamfanin, da jimillar abin da zai biya, da takardar garanti. Idan wakili ya kasa kawo ukun nan, kada a tura ko kwabo.