Ko Kun Sani? Zakunan Fadar Alhamra

Ko kun san cewa a birnin Garnaɗa na Andalus, a kudancin Sifen, inda daular Musulmi ta ƙarshe a ƙasar ta faɗi a shekarar 1492, akwai fadar Alhamra, wadda a tsakar gidanta zakuna 12 na marmara suke ɗauke da kwatarniyar ruwa tun zamanin Sarki Muhammadu na Biyar, a ƙarni na 14? Wanda ya kai yara ƙanana ziyara, alhali ba a shiga ɗakunan sarakunan da keken jariri, sai ya yi tanadin goyo, ya bar su su ƙirga zakunan da kansu, domin ilmin da ido ya shaida ya fi tabbata a zuciya.